Leda da Roba a Cikin Birnin Kano: Illarsu da Hanyar Sarrafa Su

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 kuma ya kafa Kasuwar Kurmi, har zuwa kwanakin kakanninmu, mutanen birni ba su ɗauki shara hasara ba, domin abin da ake kaiwa juji bai wuce toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da fasasshiyar ƙwarya ba, waɗanda duk ƙasa ke cinyewa ta mai da su taki. Manoman Ungogo da Kumbotso da Dawakin Kudu sukan shigo da jakunansu ɗauke da itace da hatsi, su koma da mangaloli cike da takin birni, har ya zamana gonakin da ke kewaye da badala ana noma su shekara da shekaru ba su gaji ba.

Leda ce ta warware wannan tsari. Asalinta daga sinadaran man fetur da iskar gas ne, kuma siffar da ta sa aka so ta, wato rashin jiƙewa da rashin ruɓewa, ita ce ainihin musibarta, domin takan daɗe a ƙasa fiye da rayuwar wanda ya yar da ita. Tun da ruwan leda ya yaɗu a shekarun 1990, kuma baƙar leda ta maye gurbin kwando da faifai da kwanon awo, sai ga lambatu sun toshe, kududdufai sun cika, rafin Jakara kuma, wanda ya ratsa tsakiyar birni, yana jan ta tuli-tuli; idan ruwan Agusta ya sauko bai sami hanya ba, sai ya kwanta a gindin gidajen ƙasa ya ci katanga, abin da ya rage kuma ya zama mahaifar sauro. Mahauta sun sha farke tumbin tunkiya ko saniya su tarar da dunƙulen leda wanda ya hana dabbar ƙiba. Manomi yakan sayi takin bola ya ga rabinsa ba ya narkewa. Uwargida kuwa, da take hura gawayi da leda, tana shaƙar hayaƙi mai dafi ita da goyonta.

Sai dai kuma, alhamdu lillahi, maganin ba daga nesa zai zo ba, domin akwai wata sana'a a garin nan wadda jama'a ke wulaƙantawa alhali maslaharta babba ce, wato ta 'yan bola jari. Su ne ke bin lunguna da buhu suna tsintar fasasshen bokiti da tsinkakken silifa da gorar ruwa, su kai wa dillali ya auna a sikeli ya biya su gwargwadon kilo. Daga nan sai a ware robar iri-iri, domin ta gora daban take da ta bokiti kuma ba sa narkewa tare, a wanke, a niƙa a inji, a narka ta zama 'yan ƙwayoyi, sa'an nan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai su ƙera butoci da bahuna da takalma, waɗanda za a sake gani a Kasuwar Ƙofar Wambai.

Inda gizo ke saƙar shi ne, siririyar leda ba ta da nauyi a sikeli, saboda haka mai tsinta ba ya wahalar da kansa a kanta, musamman idan ta cuɗanya da miya da ƙazanta. Wasu ƙasashe sun ga babu mafita sai hani: Ruwanda ta haramta ledar cefane a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Amma mai hankali ya san cewa doka ba ta tsayuwa sai an tanadi madadi, kuma muddin famfo bai kawo ruwa mai tsabta a unguwanni ba, talaka ba zai bar ruwan leda ba.

Abin da ke hannunmu a yau shi ne rarrabewa tun daga tsakar gida. Idan kowace uwargida ta rataye buhu guda domin leda da roba kaɗai, ta bar toka da sauran abinci a mazubinsu, to, mai tsinta zai sami kaya mai tsabta mai daraja, manomi kuma ya sami takinsa kamar dā. Wanda zai je cefane ya riƙi jakarsa, mai sayen koko ko waina ya tafi da kwano, domin zuba abinci mai zafi a baƙar leda ba alheri ba ne ga lafiya. Masu unguwanni, tare da hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, su keɓe wurin tarawa a kowace unguwa, kamfanonin ruwan leda kuma su riƙa sayen fankon ledarsu, tun da yake su ke cin ribarta.

Malamanmu sun karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, israfi abin ƙi ne, cutar da maƙwabci kuma haramun ne. Wanda ya tura ledarsa cikin lambatu har ruwa ya rushe katangar maƙwabcinsa, lalle ya ɗauki haƙƙi, ko da bai yi nufi ba. Ya kamata limamai su riƙa ambaton wannan a huɗubar Juma'a, malaman allo da na Islamiyya su cusa shi a zukatan almajiransu, domin tsabtar gari farilla ce ta kifaya, wadda idan kowa ya bar ta, kowa ya shiga laifi. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, amin.