Canza sana'ar jarumi a wasannin intanet: abin da ya kamata ka sani

Wane irin wasa ake magana a kai?

Akwai wasannin kwamfuta da waya da dubban mutane ke shiga duniya ɗaya ta intanet a lokaci guda. Kowa yana da jaruminsa, wato mutumin cikin wasan da yake sarrafawa. Kai za ka raɗa masa suna, ka zaɓa masa kama, ka riƙa fita yaƙi da shi. Duk dodon da ya kashe ko aikin da ya kammala, sai ya samu maki, makin ya ɗaga shi zuwa mataki na gaba. Jarumin yana nan ko ka kashe kwamfutarka. Gobe inda ka tsaya za ka ci gaba. Wasu sun shekara goma da jarumi ɗaya.

Mece ce sana'ar jarumi?

Masu wasan suna ce mata kilas, mu a nan za mu kira ta sana'a. Ita ce ke fayyace makamin jarumi da abin da ya iya: mayaƙi mai takobi, maharbi, mai sihiri, ko mai magani. Tsarin ya samo asali daga Dungeons & Dragons, wasan da ake yi da takarda da fensir, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 da sana'o'i uku kacal.

A yau ayyukan sun kasu uku. Mai garkuwa yana tsayawa gaba ya sha duka a madadin kowa. Mai magani yana warkar da waɗanda suka ji rauni. Sauran su ne masu kai hari. A World of Warcraft mutum biyar ke shiga kogon dodanni: mai garkuwa ɗaya, mai magani ɗaya, mahara uku. In ɗaya bai san aikinsa ba, duka biyar na iya mutuwa.

To ina matsalar take?

Ana sa ka zaɓi sana'a a minti na farko, lokacin da ba ka san komai game da wasan ba. Sai ka yi wata uku kana rainon maharbinka, kana tara masa kaya, ka yi abokai, sannan ka gane aikin mai magani ne ya dace da kai. Ko kuma kamfanin ya yi gyara ya rage wa sana'arka ƙarfi, ƙungiyoyi su daina ɗaukar irinka.

Abin da za ka iya yi ya danganta da wasan. World of Warcraft, na kamfanin Blizzard, tun fitowarsa a 2004 sana'a ta zama kamar ta gado: ɗan maƙera a maƙera zai ƙare. Kana iya biyan kuɗi a canza wa jarumi suna ko jinsin halittarsa, har ɓangaren da yake wa yaƙi, amma ban da sana'a. Sassaucin da aka yi shi ne kowace sana'a tana da rassa, kuma ana iya sauya reshe. In wata sana'ar kake so dungurungum, sai ka ƙirƙiri sabon jarumi.

Final Fantasy XIV, na kamfanin Square Enix da ke Japan, ya bi wata hanya. A can makami ne ke nuna sana'a: ajiye baka ka ɗauki sandar magani, ka zama mai magani nan take. Sai dai kowace sana'a da matakinta. Gwanintarka a harbi ba za ta bi ka ba, dole ka raini sabuwar sana'ar ita ma. Sunanka da gidanka da abokanka da labarin da ka riga ka wuce duk suna nan.

Wasu kuma ba su da sana'a kwata-kwata. RuneScape, da ya fito a Ingila a 2001, abin da ka yawaita yi shi kake ƙwarewa a kai. Albion Online, wanda ake bugawa har a waya, kayan da ka saka su ne aikinka.

Me ya sa wasu ba sa son a canza?

Kada ka ɗauka taurin kai ne kawai. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce koyo. Hawa matakai ba ɓata lokaci ba ne, a nan ake sanin sana'a, ana ba ka dabaru ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kwana maharbi ya tashi mai magani a mataki na ƙoli yana da maɓallai kusan talatin da bai san amfaninsu ba, kuma rayukan mutum huɗu na hannunsa.

Akwai kuma tsoron ruguguwa. Da zarar an ce sana'a kaza ce ta fi ƙarfi a wannan watan, kowa sai ya koma can. Sannan ga masu cewa darajar jarumi tana cikin a san shi da abu ɗaya, a ce wane ai mai garkuwarmu ne. Wannan ta ƙarshe ba ta cika gamsar da ni ba, domin a Final Fantasy XIV ma ana sanin mutum da sana'ar da ya fi iyawa.

Wa canjin ke amfana?

Mai ƙarancin lokaci, kamar ɗalibi ko ma'aikaci, da wanda ke lissafin datarsa. Yana kuma amfanar kowa ta wata fuska: mahara sun fi yawa a kusan kowane wasa, don haka sukan daɗe a layi suna jiran mai garkuwa ko mai magani. In mutum zai iya sauya aiki a daren da ƙungiya ta rasa mai magani, jira ya ragu.

Nawa ake kashewa?

Sauya sana'a a Final Fantasy XIV kyauta ne, lokaci kawai yake ci. Amma shi da World of Warcraft duka suna sayar da tsallake, wato ka biya a ɗaga ka zuwa babban mataki. A nan ya kamata ka yi hattara: kamfanin da ya hana ka canza sana'a, kuma yake sayar maka da tsallake ga sabon jarumi, yana da riba a cikin hanin.

A ganina a bar mutum ya canza, amma ya hau matakan sabuwar sana'ar da ƙafarsa. Kafin ka fara kowane wasa, bincika ko ana canza sana'a, da abin da ke bin ka in ka canza. In ba a canzawa, ƙirƙiri jarumai biyu ko uku, ka kai kowanne 'yan matakai har ka shiga kogo da ƙungiya ko sau ɗaya, sannan ka tsayar da wanda za ka raina.