In Tirela Tana Rawar Silo, A Binciko Dalili Kafin A Ɗora Shanu

'Yan uwa fatake, mun san yawancinmu ba direbobi ba ne, ba kuma makanikai ba. Amma duk ranar da tirela ta tsaya a daji da shanu talatin a bayanta, asarar a kan mai dabba take sauka. Shi ya sa a wannan fitowa muka ɗauko wata cuta ta motocin zamani wadda ke fara nuna kanta tun a tasha: mota tana tsaye tana silo, abin da makanikan Nijar ke kira ralanti, sai a ji kukan injin yana hawa yana sauka shi kaɗai, in direba ya taka totur wani lokaci ta amsa, wani lokaci ta yi kunnen uwar shegu.

A tsofaffin motoci irin su Mercedes 911, ƙarfe ne ya tashi daga abin taka totur ya kai ga famfon mai, duk abin da ya lalace ido yana ganinsa. Motocin da suka biyo baya, irin Actros da ta fito a 1996 da takwarorinta na DAF da MAN, kwamfuta ce ke auna musu mai. A jikin abin takawar akwai wata 'yar na'ura da makanikai ke kira sansa. A wasu motoci kwamfuta tana aika mata wuta bolt 5, ita kuma ta mayar da wani kaso gwargwadon yadda aka taka: kusan rabin bolt in ƙafa ba ta kai, har zuwa wajen bolt 4 ko 4.5 in an danne ƙasa, ko da yake kowane kamfani da nasa ma'auni. Yawanci saƙo biyu take aikawa, don ɗaya ya zama shaidar ɗaya. In suka saɓa, sai kwamfuta ta daina yarda da ƙafar direba, ta riƙe injin a ɗan sama da silo, mota ta riƙa jan ciki.

To, ku dubi wannan hali a hanyarmu. Wanda ya yi lodi a Illela ya bi ta Kontagora da Mokwa da Jebba zuwa Legas, ko wanda ya taso daga Maigatari ya bi ta Lokoja zuwa Onitsha, ya san akwai hawa da gangara da doguwar tafiya. Motar da ke fizga tana kayar da sa, wanda ya faɗi kuwa 'yan uwansa ke tattake shi kafin yara su tashe shi. Motar da ta tsaya da rana tsaka ta yanke wa dabbobi iskar da tafiya ke ba su. Ko ba a yanka ko ɗaya a hanya ba, ramar kwana biyu ta isa ta cinye riba.

Abin da muke son a riƙe shi ne: rawar silo ba ita ce hujjar cewa sansa ta mutu ba. Wuri uku ake zargi, wato waya, da ita sansar, da mai. A bi su daga mai araha zuwa mai tsada.

Da farko a duba da ido. Shin shimfiɗar ƙasa ko taɓo bai tokare abin takawar ya hana shi komawa sama ba? A cire soket ɗin sansa a leƙa. Ruwan wankin mota da ƙurar hunturu suna shiga nan, su sa bakin ƙarfen ya yi kore. A duba kan batir da babbar wayar da ke haɗa batir da jikin mota, wadda ake kira mas. Tirela batir biyu take aiki da su, bolt 24, in injin yana aiki ya kamata mita ta nuna kusan 28. In wannan wuta tana rawa, duk lissafin kwamfuta rawa zai yi. Kada a manta da inda wayoyi ke lanƙwasa in an ɗaga kan mota, da ɓarnar ɓeraye a motar da ke kwana kusa da dusa da harawa, da fitilu da oda da ake jonawa barkatai.

Na biyu, mai wayarin ya kawo mita. A kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, a tabbatar bolt 5 ɗin nan yana isa ga sansa. In bai cika ba, mai yiwuwa laifin na wata sansa ce daban, domin a motoci da yawa layi ɗaya ke ba su wuta, ɗaya ta lalace ta ja sauran. In ya cika, sai a sa mita a wayar saƙo, a taka a hankali har ƙasa, a saki a hankali. Lamba ta riƙa hawa da sauka sumul. In ta yi tsalle ko ta faɗi a wani wuri, kuma duk takawa a wurin nan take yi, sansa ta ci. In kuwa ba ta tsalle sai an girgiza wayoyi da hannu, to waya ce ko soket, sabuwar sansa ba za ta yi maganin komai ba. Mu ja kunne: kada a bari a gwada waɗannan siraran wayoyi da ƙwan fitila, hakan yana iya ƙona kwamfutar, wadda ta fi sansa tsada nesa ba kusa ba.

Na uku, in akwai mai na'urar bincike da ake jonawa a mota, a nemi ya nuna abin da kwamfuta ke gani lokacin da injin ke silo. Babbar mota mai lafiya tana silo a zagaye 500 zuwa 600 a minti. In na'ura ta nuna totur yana kan sifili bai motsa ba, injin kuma yana ta rawa, an wanke sansa daga zargi, sai a koma kan mai. Gas na jarka da ake saye a bakin hanya yakan zo da ruwa da datti. A zubar da ruwan da ya taru a ƙasan filta, a canza filtar in ta toshe, a duba ko iska tana shiga ta wani tiyo da ya tsage. In duk wannan lafiya, sai a gwada nozul ɗaya bayan ɗaya. A kuma sani, lambar laifi da na'ura ke fitarwa layin da ke da matsala take nunawa, ba ta ce a sayi sabon kaya ba. Goge lambar kuma ba gyara ba ne, fitilar za ta dawo a hanya.

In ta tabbata sansa ce, a sayi mai lamba ɗaya da wadda aka cire. Ta hannu mai soket iri ɗaya tana iya zuwa da ma'auni daban, wasu motocin ma sai an saita sabuwar da na'ura. Masu tirelar da ke kai ta walda don gyaran kejin shanu su cire kan batir da soket ɗin kwamfuta kafin a fara.

Namu aikin a matsayin masu shata ba shi da wuya. Kwana ɗaya kafin kasuwa, a sa direba ya tayar da mota ta yi zafi, a saurari silonta na minti goma, a duba ko wata fitilar gargaɗi tana ci a gabansa, a ɗan zaga da ita. A kuma yi magana gaban shaidu a kan wanda zai biya kuɗin juye dabbobi zuwa wata mota in ta lalace. In abin ya faru a hanya kuma mota tana iya jan ciki, a lallaɓa zuwa gari mafi kusa mai ruwa da inuwa, kada a ce sai an kai Legas ko ta halin ƙaƙa. Direban da ya ce “haka take yi da safe, in ta yi zafi za ta daina”, a ce masa Malam direba, mu ji ta daina tukuna, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye hanya.