Tsaga, Jarfa da Shaidar Jariri: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

A wajen awo, wata kaka ta ce mini dole wanzami ya yi wa jikanta tsaga ranar suna, wai ko ya ɓata a gane shi. Ta ƙara da cewa ai ta ji har kwamfuta yanzu da zanen jiki take gane mutane. Maganarta da ƙamshin gaskiya, amma tana buƙatar bayani.

Yaya kwamfuta ke gane zane?

Masu binciken laifuka sun daɗe suna duba jarfa da tabo don gano wanda ya ɓata, ko gawar da ba a san danginta ba. Yanzu ana koya wa kwamfuta wannan aiki ta hanyar da ake kira koyo mai zurfi. Akan nuna mata dubban hotuna, a ce wannan da jarfa, wannan babu, har ta iya bambancewa da kanta, kamar yadda yaro ke gane fuskar uwarsa saboda yawan gani. Daga nan sai ta kwatanta zanen da hotunan da ke ajiye. A shekarar 2014, hukumar NIST ta Amurka ta shirya gasar gwada irin waɗannan manhajoji da hotunan da hukumar FBI ta bayar.

Amma kwamfutar na iya kuskure idan hoto bai fita ba, ko zanen ya dushe. Kuma mutum ɗari na iya ɗauke da zane iri ɗaya, kamar yadda tsagar gado take. Shi ya sa hukumar 'yan sandan duniya, Interpol, ta ɗauki jarfa da tabo a matsayin ƙarin shaida kawai. Manyan shaidu uku ne: zanen yatsa, haƙora da gwajin DNA.

Haɗarin tsaga

Tsaga tana nuna gari ko zuri'a, ba ta nuna ɗan wane ba ne. Askar da ba a tsabtace ba kuwa tana iya sa wa jariri tetanus, ciwon hanta ko ƙanjamau, ban da zubar jini. Sashe na 24 na Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ya hana yi wa yaro tsaga ko jarfa.

Me za ku yi?

1. Bayan haihuwa, ki duba jikin jaririnki tare da ungozoma. In akwai tawadar Allah ko wata alama, a rubuta a kati.
2. Kada a cire abin hannu mai ɗauke da sunanki da aka ɗaura wa jariri sai an sallame ku.
3. Ku riƙa ɗaukar hoton yaro da na alamar jikinsa yayin da yake girma, domin wasu alamomin haihuwa kan ɓace.
4. Maigida ya yi masa rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa cikin kwana 60.

Ku yi wa kakanni bayani cikin ladabi, domin don ƙauna suke yi. Mai tambaya ta same mu ranar awo. Allah Ya sauke ku lafiya, Ya raya mana zuri'a.