Tahiti a Idon Baƙo: Nazari Kan Wani Zanen Paul Gauguin

Manufar wannan takarda ita ce mu duba zanen da Paul Gauguin ya fara a tsibirin Tahiti a 1897, mu ga iyakar abin da zai iya gaya mana game da mutanen tsibirin. Sunan zanen tambayoyi ne guda uku: daga ina muka zo, mene ne mu, ina muka dosa? Faɗinsa ya kusa mita 4, an yi shi a kan ƙyallen buhu, yana kuma ajiye a Boston ta Amurka.

An haifi Gauguin a Faris a 1848. Da farko ya bi sahun Pissarro da Monet, waɗanda burinsu shi ne kama haske yadda ido ke ganinsa nan take. Daga wajen 1888 sai ya kauce wa wannan tafarki. Ya koma shimfiɗa launi falan-falan, yana kewaye siffa da layi mai duhu, dabarar da ya tsinta a zanen Japan. Wato launi ya zama hanyar bayyana abin da ke zuci.

Zanen ana karanta shi ne daga dama zuwa hagu, kamar rubutun ajami. Jariri na kwance a dama, a tsakiya wani na miƙa hannu ya tsinko ɗan itace, a hagu kuwa tsohuwa ce ta dafe kai tana jiran ajali. A bayansu akwai gunki shuɗi.

Abin lura a nan shi ne, sa'ad da Gauguin ya isa Tahiti a 1891, Faransa ta riga ta mallake tsibirin tun 1880, 'yan mishan kuma sun kusa shekara 100 a can, addinin gargajiya ya ja baya ƙwarai. Gunkin nan ƙirƙirarsa ya yi. Zaman tsohuwar ma, masana sun danganta shi da wata busasshiyar gawar Peru da ya gani a gidan tarihi a Faris.

Saboda haka zanen ya fi ba mu labarin Bature da ya gaji da Turai, ya tafi neman duniyar da ya riga ya sawwara. Mai nazarin tarihin mutanen Tahiti sai ya karɓi shaidarsa da hattara, ya auna ta da abin da su mutanen suka faɗa game da kansu.