Gure: zanen farashi, madubin mai zuba jari

A kasuwannin dabbobi na yankin Gure, kamar Subdu da Gidigir, babu dillalin da bai san rago na tsada gab da Babbar Salla ba, hatsi kuma na hawa daga bazara har kaka ta kawo. Wannan sani a ka yake zaune. Amma ga ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ya zuba ajiyarsa cikin asusun haɗin jari, tunani kaɗai ba ya isa.

Asusun haɗin jari shi ne inda mutane da dama ke tara kuɗi, wani kamfani ya saya musu hannun jari da takardun bashin gwamnatoci, kowa ya riƙe kasonsa. A ƙasashe 8 na UEMOA, har da Nijar, ana wannan ciniki a kasuwar BRVM ta Abijan, wadda ta fara aiki a 1998. Ana bayyana darajar kaso lokaci-lokaci, amma adadi guda ba ya nuna inda farashi ya fito, balle inda ya dosa.

Nan ne allon lissafi na na'ura mai ƙwaƙwalwa ke da amfani. Na farko da ya yi suna, VisiCalc, ya fito a 1979, Lotus 1-2-3 ya biyo a 1983, sannan Excel a 1985. LibreOffice Calc kuwa kyauta ake samunsa.

Aikin ba shi da wuya. A jeri na farko a rubuta kwanan wata, a na biyu darajar kaso. A na uku a raba kowace daraja da ta ranar farko, a ninka da 100. Ta haka kason jikka 10 da na jikka 100 duk daga 100 za su tashi, na'ura ta zana su tare, ido ya ga wanda ya fi hawa.

Sai dai hawa ba riba ba ne sai an cire ladan kamfani. Kason da aka saya jikka 10, ya kai jikka 10 da rabi bayan shekara, ya ƙaru da 5 cikin 100. Idan ladan shiga ya ci 2, kusan 3 ne ya rage. Idan tsadar hatsi ta wuce haka, mai kuɗi baya ya ci. Saboda haka ya kamata farashin buhun hatsi ya samu nasa jeri, haka ma canjin naira ga masu kai dabbobi Nijeriya, waɗanda faɗuwarta a 2023 da 2024 ta taɓa.

Zane dai ba duba ba ne. A Janairun 1994, dare ɗaya darajar sefa ta ragu da rabi a gaban faran na Faransa, bayan shekaru sama da 40 tana tsaye. Layin jiya ba ya lamunce gobe. Amfaninsa shi ne ya hana mutum sayarwa cikin firgita, ko saye don jita-jitar tasha.