Ibn Chambas: Lauyan Bimbila da takardun da muke ƙetare iyaka da su

Duk wanda ya saba zama da dattawan Nima da Mamobi a birnin Akra, wanda mutanen Zango ke kira Ankara, ko ya tsaya hira da su a harabar babban masallacin ƙasa da ke Kanda bayan an sauko Juma'a, ya san akwai shekarar da ba a ambatonta da dariya, wato 1969. A ranar 18 ga Nuwamba na wannan shekara ne gwamnatin Firayim Minista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama wa'adin mako biyu ya tattara nasa ya nasa ya bar Ghana. Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa da Mosawa, har da waɗanda a Zango aka yanke musu cibiya, suka yi gwanjon rumfuna da gidaje a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba, suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da wasunsu ba su taɓa gani ba. A farkon 1983 kuma Nijeriya ta yi irin nata a zamanin Shehu Shagari, inda 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya suka koma gida.

A lokutan nan biyu takarda ce ta raba ɗan kasuwa da dukiyarsa. Takarda ce kuma take ba mai albasa damar ɗauko kaya daga Galmi ya sauke a Akra ba tare da biza ba. Masu rubuta irin waɗannan takardu da masu kai-komo a kansu, wato lauyoyin da gwamnatoci ke ajiyewa a harkokin waje, ba kasafai muke sanin su ba. Ɗaya daga cikinsu, wanda sunansa bai ɓace wa masu sauraren rediyo ba, shi ne Dokta Muhammad Ibn Chambas.

An haife shi ranar 7 ga Disamba 1950 a Bimbila, garin doya da ke ƙasar Nanumba a arewacin Ghana, ba nisa da Salaga, inda fataken Kano suka riƙa zuwa sayen goro a zamanin fataucin Gwanja. Ya yi sakandare a Mfantsipim da kuma Tamale, ya sami digirin farko a kimiyyar siyasa a Jami'ar Legon a 1973, sannan ya wuce Amurka inda ya yi digiri na biyu da na uku a Jami'ar Cornell a 1977 da 1980. Sai bayan ya zama dokta ne ya koma aji ya karanta lauya a birnin Cleveland na jihar Ohio. A can ya yi aiki da wata ƙungiya mai tsaya wa marasa galihu a kotu, ya kuma koyar a kwalejin Oberlin.

A 1987 ya zama mataimakin sakataren harkokin waje a gwamnatin soja ta Jerry Rawlings. Maigidansa a ma'aikatar, Dokta Obed Asamoah, shi ma lauya ne, wanda daga 1993 ya haɗa kujerar da ta Antoni-Janar. Da aka koma mulkin farar hula, Chambas ya shiga majalisa a 1993 yana wakiltar Bimbila, ya zama mataimakin kakaki na farko, kafin a sake mayar da shi ma'aikatar harkokin waje. A wannan tsakani ne, a farkon 1994, musu a kan cinikin zabo a kasuwar Nakpayili da ke kusa da Bimbila ya rikiɗe ya zama yaƙi tsakanin Konkomba da Nanumba da maƙwabtansu, aka rasa rayuka fiye da 1,000. Tushen abin rikicin ƙasa da sarauta ne da ya daɗe yana ruruwa, amma a kasuwa wutar ta kama, kuma a mazaɓarsa.

Aikin da ya fito da sunansa shi ne na Laberiya. Rawlings ya shugabanci ƙungiyar ECOWAS, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani da CEDEAO, daga 1994 zuwa 1996, kuma Chambas na cikin waɗanda suka yi ta zama da madugan yaƙin, daga yarjejeniyar Akosombo ta 1994 zuwa ta Abuja ta 1995 da wadda ta gyara ta a 1996. A sa hannu yau, a karya gobe, a sake zama jibi. A Fabrairun 2002 ya karɓi kujerar babban sakataren ECOWAS a Abuja daga hannun Lansana Kouyate na Gini, sai ga Laberiyar ta sake dawo masa. An yi wata biyu da rabi ana tattaunawa a Ghana da Janar Abdulsalami Abubakar a matsayin mai shiga tsakani, har Charles Taylor ya sauka ya tafi Kalaba ranar 11 ga Agusta 2003, aka sa hannu a Akra ranar 18 ga wata. Ministan harkokin wajen Ghana na lokacin, Nana Akufo-Addo, shi ma lauya ne da ya baro kujerar Antoni-Janar a shekarar, kuma mutanen Nima sun san gidansa a unguwarsu.

To amma mu abin da ya fi shafar mu shi ne abin da ya faru a iyakar Seme a cikin wannan wata na Agusta. Gwamnatin Obasanjo ta rufe iyakarta da Jamhuriyar Benin bisa zargin 'yan fashi da masu fasa-ƙwauri na samun mafaka a can. Wani ɗan kasuwa ɗan Nijeriya, Olajide Afolabi, wanda ya riga ya ƙulla ciniki a Benin ya kasa zuwa ɗauko kayansa, ya kai ƙarar ƙasarsa kotun ECOWAS da ke Abuja. Hujjarsa ita ce yarjejeniyar zirga-zirga da aka sa wa hannu a Dakar ranar 29 ga Mayu 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya yi kwana 90 ba biza. Ita ce ƙara ta farko da kotun ta saurara, kuma a watan Afrilu 2004 ta kore ta, ba tare da ta duba ko yana da gaskiya ba. Dalili kuwa, dokar da ta kafa kotun ta ce ƙasa ce kaɗai ke iya shigar da ƙara a madadin ɗanta. Ke nan sai Nijeriya ta kai kanta ƙara kafin a saurari Afolabi.

Wannan hukunci ya ba da kunya, har alƙalan kotun da ƙungiyoyin lauyoyi suka tashi neman gyara. A Janairun 2005, Chambas na kan kujerarsa, shugabannin ƙasashen suka taru a Akra suka amince mutum shi kaɗai zai iya kai ƙara kai tsaye idan an tauye masa haƙƙinsa na ɗan Adam. Ta wannan ƙofa ce Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita tana shekara 12 a yankin Ƙonni, ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar a 2008, aka yanke a biya ta sefa miliyan 10. Sai dai a lura, ƙofar da aka buɗe ta haƙƙin ɗan Adam ce. Ɗan kasuwar da ya jawo gyaran bai sami ƙofar da aka rubuta da sunan ciniki ba, kuma a ganinmu nan ne lauyoyin ƙungiyar da shugabanninsu suka bar mu a rana.

Akwai wata takardar ta zamaninsa da ya kamata kowane mai lodi ya haddace. A Janairun 2003 aka sabunta ƙa'idar gane asalin kaya a tsarin cinikin ECOWAS marar haraji, inda aka rubuta cewa amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu ba sa buƙatar takardar shaidar asali. Albasa, wake, goro, raguna, tabarmi da takalman dukawa duk suna ciki. Kayan masana'anta ne ake nema wa wannan shaida. Mai karatu zai ce ai wannan a Abuja ne, a kan hanya kuwa kowane shinge da kuɗinsa. Gaskiya ne. Amma direban da ya san abin da doka ta ce da wanda bai sani ba, ba kuɗi ɗaya suke bari a hanya ba.

A 2007 aka mayar da sakatariyar ta zama hukuma, ya zama shugabanta na farko. Mutanen Maradi da Damagaram za su tuna shi a rikicin tazarcen Tandja Mamadou. Bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Agusta 2009 da zaɓen majalisa na Oktoba, ECOWAS ta dakatar da Nijar, ta dogara da yarjejeniyarta ta 2001 a kan dimokuraɗiyya. Dakatarwar ta tsaya a kujerun taro, motoci suka ci gaba da wucewa ta Jibiya da Illela. A kwatanta da 2023, lokacin da aka rufe iyakoki aka yanke wutar lantarki bayan juyin mulkin Yamai, albasa ta ruɓe a cikin motoci, buhunta ya yi tashin gwauron zabi a Akra, har sai Fabrairun 2024 aka janye takunkumin.

Ya bar Abuja a 2010 ya tafi Brussels shugabancin sakatariyar ƙasashen Afirka da Karebiya da Fasifik, daga nan Darfur a 2013, sai Dakar daga 2014 zuwa 2021 a matsayin wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a Afirka ta Yamma, inda ya shiga cikin lallashin Yahya Jammeh ya bar Gambiya a Janairun 2017. A 2023 Tarayyar Afirka ta naɗa shi babban wakilinta na shirin kawo ƙarshen yaƙe-yaƙe.

Idan za a yi masa adalci, a fagen sulhu yana da abin nunawa. A fagen kasuwa kuwa sakamakon da sauƙi. Nijeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta Jibiya ma sai 2022 aka buɗe. Ghana, ƙasarsa, ta yi doka a 2013 da ta hana baƙo kasa kaya a kasuwa, ta kuma ce mai son buɗe harkar saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya, abin da ya kai ga garƙame shagunan 'yan Nijeriya a Akra da Kumasi a 2019 da 2020. Babban sakatare ba shi da ɗan sanda ko kwastan ko ɗaya. Abin da ke hannunsa rubutu ne da tunatarwa, ƙasashe kuma su ga dama. Bayan ya bar Dakar an ba shi shugabancin kwamitin ECOWAS mai bin hanyoyi yana duba shingaye da cikas ga ciniki, kujerar da Janar Salou Djibo na Nijar, wanda ya kifar da Tandja a 2010, ya riƙe kafin shi.

Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. A ranar ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku, a kuma bar kayansu a kan tsarin cinikin da aka saba, har sai an sake ba da wani umarni. Wato motar albasa da ta taso daga Galmi ta bi ta Burkina ta shigo Ghana ta wajen Bawku, ta koma tafiya a kan wata sanarwa ta wucin gadi maimakon yarjejeniyar 1979. A cikin wannan wata Shugaba John Mahama ya naɗa manzo na musamman zuwa ƙasashen uku, a watan Maris kuma ya je Bamako da Yamai da Wagadugu da kansa.