Ƙuri'ar Ambulan a Amurka: Ina Maguɗin Yake?

Tun da Donald Trump ya sha alwashi a watan Agustan 2025 cewa zai kawar da zaɓe ta gidan waya, tsohuwar magana ta dawo majalisun hira: wai a 2020 an kwanta yana kan gaba, cikin dare aka juya sakamako. Maganar nan tana damuna, domin abin da ya faru a fili yake.

A shekarar, saboda korona, fiye da kashi 40 cikin 100 na masu zaɓe ta ambulan suka aika ƙuri'unsu. Trump ya yi watanni yana kushe wannan hanya, don haka magoya bayansa suka fi zuwa rumfa da ƙafarsu, mutanen abokin takararsa Joe Biden kuwa suka fi aikawa ta gidan waya. Dokar jihar Pennsylvania ta hana a buɗe ambulan ko guda kafin safiyar ranar zaɓe, ga shi kowace sai an tantance ta, an farke, an warware takardar. Dole ƙuri'un rumfa su riga fitowa.

Kamar mai awo ne ya fara da buhunan gero, kafin ya kai kan dawa wani ya ruga gari yana shelar bana gero ya fi yawa. Ba wanda ya ƙaro dawa cikin duhu, tun jiya tana jibge a bakin rumbu. Ko makiyayin da shanunsa suka riga shiga garke, tumaki na tafe a baya: wanda ya ƙirga da la'asar da wanda ya ƙirga da magariba ba za su faɗi abu ɗaya ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Jami'an zaɓen Pennsylvania sun roƙi a ba su damar fara aikin buɗe ambulan da wuri, majalisar jihar ba ta gyara dokar ba. Daga baya wasu daga cikin 'yan majalisar suka shiga sahun masu zargin jinkirin.

Ana iya maguɗi, ba musu. A 2018, a wata mazaɓar North Carolina, wani ɗan kanzagin Mark Harris, ɗan takarar jam'iyyar Rifabulikan, ya sa yaransa suna bi gida-gida suna karɓe ambulan. Asiri ya tonu, aka soke zaɓen, aka sake shi a 2019. Jihar Oregon kuwa tun 2000 take zaɓen shugaban ƙasa ta gidan waya, ba a ji kanta ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ba shi da ƙara. Texas ta yi doka a 2021 cewa sai an rubuta lambar shaida a jikin ambulan, kuma ta dace da wadda hukuma take da ita a rajista. A zaɓen fid da gwani na Maris 2022 aka yi watsi da kusan ƙuri'a ɗaya cikin kowace 8 da aka aiko, wajen 25,000. A can kuwa galibi 'yan shekara 65 zuwa sama da naƙasassu ne doka ta yarje wa wannan hanya. Dattijon da ya yi rajista tun yana saurayi, ta ina zai tuna lambar da ya bayar? Ba ɗan daba, ba satar akwati, amma an rufe masa baki. Da yawa daga cikin 'yan majalisar da suka zartar da dokar, sunayensu na kan takardun da aka jefar a matsayin 'yan takara.